Tsuwa a Shagon Makau

Makau mai gyaran waya da kwamfuta maƙwabcin shagona ne a kasuwar Anka, ni ina ɗinki, shi yana fama da sukudireba. Mutum ne da ko ka taka shi sai ya ba ka haƙuri, abin har haushi yake ba ni.

Asalinsa ɗan ƙauyen Dareta ne. Lokacin da zinare ya ɓarke, shi ma ya yi yadda kowa ya yi: ya riƙa kawo dutse gida ana dakawa a turmin hatsi, yara na rarrafe cikin garin dutsen. Gubar dalmar da ke cikin dutsen ta kashe masa ɗansa Lukman yana goye. Yayar yaron, Lubna, ta sha magani ta tashi, amma likitoci sun ce ɓarnar dalma kan ɓuya, sai an girma ta fito. Tun daga nan Makau yake sa mata ido, yadda take tafiya, yadda take karatu. Shekaru suka tura bai ga komai ba, har ya fara sakin jiki.

Bana Lubna za ta zauna jarabawar shiga jami'a, wadda da kwamfuta ake yi, sai ya haɗa mata guda da kayan da ya tsinto Gusau. Yana kunnawa ta ɗauki tsuwa, siririya, mai shiga har cikin haƙori.

Na leƙa na tarar ya buɗe cikinta. Ya tare fanka da yatsa, tsuwa na nan. Ya cire faifan ajiya, tana nan. Ya sauke ta daga wutar batirin inbata ya ta da janareta, ba ta fasa ba. Gumi yake yi. Na ce, "Kai da ke gyaran na mutane, naka ya gagare ka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Tasi'u, don Allah kana jin ta? Hakanan Lukman ya yi kuka kahin shi shiɗe. Tsoro nike ko cikin kaina take."

Na rantse masa ina ji sarai. Sai ya yanko guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunne, yana bin sassan da ɗayan, har ya tsaya kan akwatin da ke raba wuta. Wani ɗan naɗin waya ne ke karkarwa a ciki. Ya yi ajiyar zuciya, ya yi hamdala, har da 'yar dariya. Ni ma na ji daɗi ƙwarai.

Ana haka Lubna ta shigo da kwanon abincin rana. Makau ya ce, "Taho ki ji kukan da kwamhutarki ka yi, kahin in canza mata akwati."

Ta sunkuya. Ya miƙa mata tiyon, ta sa a kunnen dama, ta mayar na hagu. Mu tsofaffi biyu tsuwar na huda mana kai.

Ta ɗago tana murmushi ta ce, "Baba, wane kuka? Ni ban ji komi ba."

Makau ya daɗe yana kallon kunnenta, maganar likitoci ta dawo masa. Sannan ya kai hannu ya kashe kwamfutar, ita kuwa ba ta ma san an yi shiru ba.