Fifitar Mai Girma

Wai an ce tsohon ɗan majalisar nan haɗiye janareton asibitinmu ya yi, shi ya sa tumbinsa ke ruri. Kai jama'a, ku ji tsoron Allah! Sayarwa kawai ya yi, tumbin kuwa nasa ne halak malak.

Ban taɓa ganinsa ido da ido ba sai yau da na kawo Gwaggo. Ga shi nan yana bin benci-benci, ya naɗe hannun riga, sanye da silifas ɗin da na rantse aro ne, don agogon hannunsa zai sayi unguwarmu. Ya yagi kwalin magani yana yi wa marasa lafiya fifita, zufarsa na ɗiga kan katin mutane. Jariri ya yi masa tumbuɗi a kafaɗa, ya ce turare ne. Asibiti ya kwashe da dariya ban da ni, shi kuwa sai murmushi yake. Ina jin a gaban madubi ya koyi murmushin nan.

Gwaggo, wadda ke tsine masa tun ranar da aka yi mata ɗinki da hasken tocila, yau cewa take, "Ɗan albarka, ƙuri'ata taka ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka dawo da injin ai da hannunka ya huta."

Ko kallona bai yi ba. "Kai da ka kawo ta, tun safe ka fifita ta ko sau ɗaya? Matsa, kana tare mata iska."