Fuskar da Almu Bai Goge Ba

Almu maƙerin farfaru ne a Babbar Kasuwa, zobba da awarwaro yake yi tun yana saurayi. A 'yan shekarun nan sana'ar ta ƙara masa wani reshe da bai nema ba, wato goge fuskoki daga jikin lambobin yabo.

Lambobin na wani ɗan majalisa ne, Honarabul Sagir, wanda ya raba wa malamai da masu sana'a a wani bikin ranar 'yancin kai. Gefe ɗaya taswirar Nijeriya ce, ɗaya gefen kuwa fuskarsa ce da hula a karkace. Mutane sun rataye su a falo har zuwa lokacin da ya faɗi zaɓe. Daga nan suka fara zuwa rumfar Almu ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa a naɗe cikin hankici.

"Ka san hoto a ɗaki bai kyautu ba, Malam Almu," haka suke cewa.

Almu ba ya musu. Yakan ɗauki magagari ya fara daga hanci, yana tunanin yadda tsoron Allah ya sauko wa mutane daidai da sanar da sakamako.

Shi ma yana da tasa. An ba shi a madadin maƙera, tana rataye a bangon rumfa, fuskar na kallon masu wucewa. Matarsa Dije ce ta sake ɗinka mata ƙyallen ratayewa, kore da fari, lokacin da na asalin ya yage, shekara guda kafin rasuwarta. Duk wanda ya tambayi abin da ya hana shi goge ta, Dije yake ambata masa, sai a yi mata addu'a a bar maganar.

Ran nan Alhaji Hadi, shugaban layinsu, ya zauna kan benci. Suka gaisa har kan jikoki da ciwon gwiwa.

"Za a sake rabon rumfuna," in ji Hadi. "Mutanen sabon ɗan majalisa za su zagayo ranar Laraba. Kai kuma ka kafa masu Sagir a bango."

"Mi Sagir ya yi masu? Ƙarfe ne."

"Ƙarfen nan zai fitar da kai bakin titi. Ka goge na kowa, naka ya gagare ka?"

Almu ya sauko da lambar bayan tafiyar Hadi. Ya ɗora magagari kan hancin, ya tsaya. Gaskiya ne yana tuna Dije. Gaskiya ne kuma cewa satin da ya wuce wani tsohon hedimasta ya dawo yana raɗa masa, ko za a iya mayar da fuskar da aka goge, don an ce Sagir zai sake tsayawa. Almu ya ce masa abin da magagari ya ci ba ya dawowa.

Ya ajiye magagarin, ya mayar da lambar kan ƙusarta, fuskar na kallon bango.

Ranar Laraba baƙin suka tsaya gaban taswirar, ɗaya ya ce ga dattijo mai kishin ƙasa, har ya ɗauki hoto da wayarsa. Rumfa ta tsira.

Da yamma Hadi ya leƙo, ya kai hannu zai juya lambar ya ga ko an goge fuskar.

"Bar ta, Alhaji," in ji Almu yana hura wuta. "Ƙusar ba ta da ƙarfi."