Musayar Ɗan Damagaram

Ni nake wanke wa ƙungiyar jesi da safa, don haka na riga kowa sanin cewa ƙafar mutumin nan ta fara ruɓewa.

A Guangzhou ne, bayan mun baro Bankok lokacin da kuɗin ƙasar ya karye, 'yan kasuwa suka watse kowa yana neman sabon wurin sari. Ni da ƙanena muka kama gida a hawa na sama, a wani lungu na unguwar Sanyuanli. Da safe in je kasuwar Canaan in saro rigunan mata na 'yan kasuwar Kwari ta Kano, da yamma in tuƙa tuwon shinkafa in sayar wa mazan da suka baro matansu a gida. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na koma Kano da furfura a kaina na shiga ajin manya. Amma ido da hanci na zo da su tun daga gidan ubana.

Ƙanena shi ne uban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan Kano. Kada a ji ƙungiya a zaci wani babban abu ne. 'Yan kasuwa ne da 'yan dako, ranar Lahadi su tafi filin wata makaranta su kara da 'yan zangon Gana. Sai dai a garin da baƙar fata ba su da yawa, kuma da dama bizarsu ta mutu, abin ya wuce wasa. Wanda ke cikin ƙungiya a ɗakin ajiyar kayan ƙanena yake kwana, tuwona yake ci, in ya kwanta ciwo ƙanena ne zai kai shi wurin likitan lungu da ba ya tambayar fasfo. Wanda aka cire daga ƙungiya an cire shi daga duk wannan.

Mutumin da nake magana a kai ɗan Damagaram ne, magidanci mai 'ya'ya a gida, gajere mai faɗin kafaɗa. Tun da aka kafa ƙungiyar bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba. A benci yake zama har a dawo hutun rabin lokaci, sai in 'yan gayun sun fara haki sannan a ce ya shiga. In ya shiga kuwa gudu yake kamar wanda kare ya biyo, ya manne wa gwanin abokan karawa har mutum ya ƙosa da ransa. Shi ke riga kowa zuwa fili ya tsince duwatsu da fasassun kwalabe. Sauran ranakun mako yana saɓa dilar kaya a kafaɗa yana hawa bene da ita. Tsakanina da shi akwai wasan Kanawa da Damagarawa. In ya zo karɓar tuwo in ce, "Ga bawana ya iso." Ya ce, "Bakaniya, zuba da yawa, kakanninmu sun sha miyar kakanninki ba su biya ba."

Lokacin laima ne a garin, lokacin da bangon ɗaki ke zufa, madubi ya yi hazo, shanya ta kwana ta wuni ba ta bushe ba. A wani wasa aka take masa ƙwauri da ƙusar takalmi. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da gudu, aka yi masa tafi. Wanki na farko na ga jini a safarsa, ban damu ba. Wanki na gaba na ga abin ya koma ruwan ɗorawa, safar ta yi tauri. Na uku kuwa sai da na kawar da kai kafin na tsoma ta a ruwa. Na san warin nan. Na taɓa jinyar mijina kafin Allah ya karɓi abinsa.

Ana cikin haka maganar musaya ta taso. Uban ƙungiyar 'yan Gana wani Alhaji ne ɗan Kumasi, mai tura kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Yana da wani ɗan gaba dogo, mai zura ƙwallo kamar aljani, wanda suka ɓata da shi. Alhajin ya aiko wa ƙanena cewa zai ba mu dogon, a ba shi ɗan Damagaram. Kowa ya san ba don ƙwallo yake sonsa ba. Mai lodin kwantena yake nema, wanda ba ya gajiya kuma ba ya musu.

A ɗakin cin tuwona aka yi gardamar, kowa da kwanonsa a gaba.

Wani mai sayar da agogo, wanda yake jin shi ne gwanin ƙungiya, ya ce, "Wannan ma abin shawara ne? An ba ka doki an ce ka kawo jaki!"

Mai tsaron raga ya ce, "Jakin ne yake ɗaukar kayanka in ka fara haki kamar mai naƙuda. Ni da nake tsaye a raga na san ranar da ba ya fili. Ƙwallo takan zo mini kamar ruwan sama."

"To sai mu yi ta kare gida har mu tsufa? Yaushe rabon da mu ci 'yan Gana?"

"Yaushe rabon da ka tsinci dutse ɗaya a filin nan, ranka ya daɗe?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce dogon ba ya ba kowa ƙwallo, wani ya ce in yana ci ai ba sai ya bayar ba. Duk wannan ana yi mutumin yana zaune bakin ƙofa, ya tura ƙafarsa ƙarƙashin benci, yana juya loma ɗaya a cikin miya. Goshinsa na ta tsattsafo da gumi alhali fanka na kansa. Ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa, shi ma bai ɗaga kai ba.

Da suka watse na tare ƙanena a kicin. Na ce, "Ka ga ƙafar mutumin nan?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Yaya, na ji warinta."

"Shi ne za ka miƙa shi Huangpu ya saɓa dila a kanta?"

"Shi ya sa nake so a gama ranar Juma'a." Ya rage murya. "Abin nan ya fi ƙarfin likitan lungu, kin sani na sani. Babban asibiti ne. Can za su ce ina fasfo, su ga biza ta mutu, su ce ina yake kwana. Yaya, ki tuna waɗanda ke kwana a ɗakin kayan nan. A kan ƙafa ɗaya kike so a kwashe su duka?"

Na ce, "To a gidan Alhajin Kumasi ba mutane ke kwana ba?"

Ya ce, "Wannan kuma matsalarsa ce."

Ni na goyi yaron nan a bayana. Ranar na dube shi na rasa a ina ya koyo wannan magana. Amma tsoron da ke idonsa na gaske ne, ban ce ƙarya yake ba.

Washegari da hantsi na iske ɗan Damagaram a kan matakala, ya sauke dila yana hutawa a inda bai saba hutawa ba. Na ce ya naɗe wandonsa. Ya yi dariya ya ce, "Bakaniya, tun yaushe kike leƙen ƙafar maza?" Na ce ba wasa na zo yi ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ja wandon sama. Ƙwaurin ya kumbura yana sheƙi, bakin ciwon ya yi baƙi, ja ya bazu ya nufi gwiwa.

Ya ce, "Hajiya, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa naki. In na je can ina da wurin kwana. In Alhajin ya ji ya fasa, ɗan'uwanki ma ba zai riƙe ni ba, na ga idonsa. Zai warke. Ina sa masa toka da gishiri."

Na ce, "In ka je can a cikin kwantena za ka faɗi, su rufe ƙofa ba su sani ba."

Ya ce, "Ajali ba ya wuce ranarsa."

Ban yi masa alkawarin komai ba. Ya saɓa dilarsa ya ci gaba da hawa, yana jan ƙafar a kan kowace matakala.

Ranar Juma'a sama ta yi duhu tun safe amma ruwa ya ƙi sauka. Bayan an idar da salla a masallacin Huaisheng maza suka taru a bakin titi kamar yadda aka saba, wurin masu gasa nama. Na fito daga ɓangaren mata na hango su: ƙanena, Alhajin Kumasi da babbar rigarsa, dogon ɗan gaba yana taunar asuwaki, ɗan Damagaram a gefe ya jingina da bango. Har an fara miƙa hannu za a tafa.

Na kutsa tsakiyarsu. Na ce, "Alhaji, barka da Juma'a. Ka taɓa sayen rago ba ka duba ƙafarsa ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya mai tuwo, yau kuma kai ne dillali?" Haka mutanen zango suke, mace ma kai suke ce mata.

Na ce, "Ni ce. Mutumin da za a ba ka ƙafarsa ta ruɓe. In ba ka yarda ba matsa kusa da shi ka shaƙa. Ɗan'uwana ya sani."

Ƙanena ya ce, "Yaya!" Alhajin bai matsa ba, bai kuma ce a naɗe wando ba. Ya dubi ɗan Damagaram tun daga sama har ƙasa, ya dubi ƙanena, ya janye hannunsa ya sa a aljihu. Ya ce, "A ƙofar masallaci, ɗan'uwa?" Ya juya ya tafi, dogon ya bi bayansa.

Ƙanena ya matso har ina jin numfashinsa. Ya ce, "Kin ɗauko, sai ki san inda za ki sauke. Daga yau ba ya kwana a ɗakin kayana." Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mai tsaron raga ne kaɗai ya ɗan tsaya, sannan shi ma ya tafi.

Na tare tasi na ce wa ɗan Damagaram ya shiga, ya shiga, muka nufi wurin likitan lungu.

Likitan lungu tsoho ne, shagonsa na bayan wani mai sayar da kifi, ko'ina warin saiwoyi. Ya warware tsumman, ya ja da baya, ya ɗaura ƙyalle a hanci. Ya wanke ciwon, ya yi allura. Na yi masa alama da hannu ko akwai maganin da zai gama da abin. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Wannan kalma kowa ya san ta a kasuwa, babu ke nan. Sai ya ɗauki biro ya zagaye iyakar jan a kan fata, ya nuna layin, ya nuna gwiwa, ya nuna hanyar babban asibiti. Ba na jin yarensu amma na gane: in jan ya tsallake layin nan, ba nasa ba ne kuma.

Na shimfiɗa masa tabarma a kicin tsakanin buhunan shinkafa, ni na sauka wurin wata maƙwabciyata 'yar Mali. Da gari ya waye na hau da kunu. Na same shi yana rawar sanyi, haƙoransa na haɗuwa, bangon da ke bayansa na ta zubar da ruwa. Na ɗaga fitila na duba. Jan ya wuce layin biro da faɗin yatsu.

Ya ce, "Kada ki kai ni."

Na ce, "Ko ka tashi da ƙafarka, ko in kira 'yar Mali mu ɗauke ka kamar gawa. Zaɓi."

A babban asibiti suka ɗora shi kan gado mai taya nan take, ba su ɓata lokaci ba. Aka kirawo wata budurwa mai jin Faransanci ta yi tafinta. Ta tambayi fasfo, ya ciro daga cikin rigarsa ya miƙa. Ta buɗe, ta duba, ta kai wa wani a bayan gilashi, shi kuma ya ɗaga waya. Ta dawo ta sake tambayarsa wani abu, ta nuna ni da baki.

Ya amsa mata da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa a hankali, don in ji abin da ya faɗa kada in saɓa masa. "Ta ce ina nake kwana, wa nake da shi. Na ce a ƙarƙashin gada nake kwana, ba ni da kowa a garin nan. Ke ma a titi kika tsince ni, ban san ki ba." Ya juya fuskarsa ga bango. "Tafi, Hajiya, tun ba su iso ba."

Ina fita daga ƙofa na yi kiciɓis da masu kaki biyu suna shigowa, ruwan da ya ƙi sauka jiya yana ɗiga daga hulunansu. Ba su kalle ni ba.

Ban sake ganinsa ba. Na kai tuwo asibitin, aka hana ni wuce ƙofar ɗakin. Da na koma wani lokaci aka ce mini meyo. Ba wanda ya zo bincike ɗakin kayan ƙanena. Ni da ƙanen nawa kuwa mun daɗe muna gaisawa sama-sama kamar maƙwabta, kuma ban sake wanke jesin kowa ba.

Bayan laimar ta wuce wani ɗan Maraɗi ya zo cin tuwo, ya ce ya ga mutumin a filin jirgi tsakanin jami'ai, ya rame, yana ɗingishi. Na ce da ƙafa nawa? Ya ce da biyu. Na tambaya ko ya ba shi saƙo ya kawo mini. Ya ce bai ba da saƙon kowa ba.