Na'urar Direba Ta Ƙi Tashi

Tabarau ake ce masa, don idan aiki ya yi ƙanƙanta yakan ɗora tabarau biyu a hanci, na gani a ciki, na ƙara girma a waje. Shagonsa a ƙarƙashin matattakalar bene yake, tsakanin tela da mai sayar da caja. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya yi magana daga bakin ƙofa. Kanta uku ne a bango, duk cike da na'urorin gem, na wasan da ake haɗawa da talabijin: waɗanda suka warke a sama, masu jinya a tsakiya, gawarwaki a ƙasa.

Da rediyo ya fara, a wurin kawunsa. Kasuwar rediyo ta mutu, ya koma waya. Masu gyaran waya suka yi yawa har suna taka ƙafar juna, ya koma gem. Abin da ya yi suna a kai shi ne buɗe na'ura, wato ya taɓa manhajar da ke tayar da ita, yadda za ta karɓi wasannin da aka zuba mata ba sai an sa faifai ba. Buɗaɗɗiyar na'ura kuwa abu ɗaya ta ƙi jini: sabuntawa. Idan sabuwar manhajar kamfani ta hau kan wadda aka taɓa, sai su sarƙe, na'ura ta kasa tashi. Shi ya sa duk wanda ya zo karɓar kayansa sai ya sha huɗuba: "Kada ka haɗa ta da intanet. In ta tambaye ka wani abu, ka ce a'a. Ko gaishe ka ta yi, ka ce a'a."

Amma ya san halin mutane. Don haka kafin ya taɓa kowace na'ura, sai ya kwafe ainihin ƙwaƙwalwarta a ɗan memori, ya rubuta lambar na'urar a jikinsa, ya manne shi da salatif a cikin murfi. Kowacce da nata. In aka ɗura wa na'ura kwafin wata, ta mutu ke nan, ba sauran gyara.

Wata safiya sai ga yayarsa da jakar kasuwa, ta naɗo na'ura cikin tawul kamar jaririya. Ya gane ta nan take. Shi ya kai wa mijinta ita, tsohon direban babbar mota, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Kafin zuwanta mutumin juya wa kowa baya yake yi, yana kallon bango. Wasan tseren mota ne ya tashe shi zaune, shi ne kuma kaɗai abin da ke sa shi motsa hannun hagun da likita ya gaji da roƙonsa ya motsa.

"Yaya, me kika yi mata?"

"Ka fara gaishe ni mana, marar kunya."

"Ina kwana. Me kika yi mata?"

Ta zauna a kan benci, ta dubi ƙasa. Direba ne ya ce hanyoyin wasan sun kusa ƙare masa. Ita kuma ta ga waya in an sabunta ta sababbin abubuwa suke fitowa. Sai ta kunna datar wayarta yana barci, ta haɗa, na'ura ta yi tambaya, ta ce mata eh.

"So na yi ya farka ya ga sababbin hanyoyi," in ji ta. "Na ce masa ka aiko a kawo ta sabis. Don Allah, ƙanina. In ya koma kallon bangon nan, ban san yadda zan sake juyo da shi ba."

Huɗubar ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta.

Ya jona. Fitila ta kama, fanka ta juya, tambarin kamfani ya fito, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Ya canza wayar talabijin, haka. Ya zare ma'ajiyar wasanni ya kunna ta tsirara, haka. Ya danne maɓallin wuta yana jiran kukan da ke buɗe ƙofar gyara, ko tari ba ta yi ba. Saura hanya ɗaya. Ya kwance sukurori goma sha ɗaya, ya jera su a faranti, ya ɗaga murfi. Ga memori nan manne, lafiya lau.

"Kin gani? Wannan shi ake kira hankali."

Ya haɗa da kwamfuta, yatsansa na kan maɓalli, sai ya ɗora tabarau na biyu don dai sabo. Lambar da ke jikin memori ta ƙare da bakwai. Ta jikin allon na'urar ta ƙare da huɗu.

Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya tuna ranar: na'ura biyu iri ɗaya, launi ɗaya, a buɗe gefe da gefe a kan teburin nan. Kowane memori ya shiga murfinsa daidai. Murafan ne suka yi musanya. Ɗayar kuwa ta mai askin ƙarshen layi ce.

"Ina hankalin ya tafi?" in ji Yaya, da ta ga yana neman takalmi.

Shagon aski cike yake. Masu jiran layi biyu sun duƙufa a wasan ƙwallo, saura na yi musu ihu.

"Zan ɗan buɗe na'urarka," in ji Tabarau.

Mai aski ya kashe injinsa. "Lafiyarta ƙalau. Likita ya rasa marar lafiya ya biyo masu lafiya gida?"

"Murfinka nake so."

"Jama'a ku ji! Gobe kuma sai ya zo ya ce hulata yake so."

Dole ya faɗi gaskiya a gaban kowa, har da wanda aka yi wa rabin aski. Aka yi dariya har da buga cinya. Amma da ya ambaci Direba sai dariyar ta lafa, ɗaya daga cikin masu wasan ya ajiye abin sarrafa wasan da kansa, alhali shi ke cin wasa.

"Kwance," in ji mai aski. "Amma ka gaishe shi. Ka ce gashinsa na nan ina jira."

Da kwafin gaskiya da ya ciro daga murfin mai aski na'ura ta tashi. Sai dai ta tashi a matsayin ranar da aka buɗe ta, ta kuma ƙi karɓar ma'ajiyar sai an share ta. Tabarau ya bi ta nan, ya bi ta can, ba hanya. Ya share, ya sake zuba wasan. Motoci goma sha tara da Direba ya tara, da duk hanyoyin da ya buɗe, sun tafi.

Tabarau ne ya kai na'urar gidan da kansa. Direba na zaune a kujerarsa, hannun hagu a kan cinya.

"Injiniya! Sabis ɗin ya ƙare? An canza mata baƙin mai?"

"Har da taya, yallaɓai."

Wasa ya buɗe. Gareji fayau, sai wata 'yar ƙaramar mota guda da hanyar farko. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ta damƙe labule.

Direba ya dubi allon. Sannan ya juyo, ba wurin Tabarau ba, wurin matarsa.

"Eh kika ce mata, ko?"

Ta gyaɗa kai.

"Ni ma haka kika ce mini, ga shi har yau ban gama farfaɗowa ba." Ya miƙa hannu. "Ba ni abin tuƙin nan."

Hannun hagu ya miƙa. Ya ja 'yar motar ya hau hanya, ta nufi wata muguwar kwana a gefen dutse.

"Nan ne," Yaya ta raɗa wa ƙaninta. "Farkon kawo ta, kullum a nan yake dukan bango, har ya yi jifa da abin ya ce a fitar da ita."

Babban yatsan hagu ya lanƙwasa a hankali. Mota ta sha kwana, ko gefe ba ta goga ba. Tabarau bai san ya miƙe tsaye ba.

"Kai, injiniya," in ji Direba, idonsa na kan hanya, "matsa daga gaban talabijin. Motoci goma sha takwas ke jirana."