Malam Isyaku da Idon Jirgin Ceto

Duk wanda ya saba fita da sassafe a Gyadi-Gyadi ya san Malam Isyaku, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai tsohon keke, wanda yake fitowa bayan an shafa addu'ar asuba da wata jakar buhu ɗaure a baya. Ba komai a jakar sai soso, da tsumma mai laushi, da ɗan burushi da yake naɗewa a leda. Yakan tsaya wurin mai shayi ya kurɓi rabin kofi a tsaye, sannan ya miƙa Tarauni, inda ofishinsu na masu ceton waɗanda ruwa ya ci yake. Shekara talatin da biyar ke nan yana wannan zirga-zirga, kuma ƙarshen watan nan za a sallame shi.

'Yan unguwa suna tsokanarsa da Kyaftin na Tudu, wai ina Kano ina jirgin ruwa. Shi dai murmushi yake yi ya taka kekensa. Amma wanda ɗansa ya taɓa faɗawa kududdufi, ko kwale-kwale ya kife da ɗan'uwansa a dam, ba ya cikin masu wannan dariya. Jirgi ɗaya tal ofishin yake da shi mai inji. Da damina yana zaune a wani babban dam kudu da gari, da rani a ɗoro shi a tirela a kawo shi harabar ofis a yi masa gyara.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka ɗaura wa jirgin wata na'ura. A ƙarƙashinsa can baya akwai wani ɗan baƙin abu da bai fi sabulun wanki girma ba. Shi yake aika sauti ƙasan ruwa ya saurari dawowarsa, sai allon da ke gaban direba ya zana abin da ke kwance a ƙasa, dutse ne, ko kututture, ko mutum. Ma'aikata suka raɗa masa suna idon jirgi. Ranar da injiniyan da ya ɗaura shi ya tara su yana bayani, kowa hamma yake yi yana duban agogo, Malam Isyaku ne kaɗai ya kasa kunne. Injiniyan ya ce ruwa ba ya ƙyale abin da aka bar masa. Gansakuka za ta kama shi, yauƙi ya lulluɓe shi, 'yan ƙananan katantanwa su manne, kuma da zarar sun rufe fuskar to ido ya makance. Maganin abin wani fenti ne na musamman mai hana su kamawa, haɗin ruwa ba na mai ba, a shafa shi hannu ɗaya siriri. Fentin mai kuwa ko kusa, domin kaurinsa yana toshe sautin, sinadarinsa kuma yana cin robar da ke fuskar idon.

Tun daga ranar babu wanda ya sake tuna masa. Duk mako biyu zai shiga mota ya tafi dam, ya tuɓe riga ya shiga ruwa har ƙirji, ya laluba ƙarƙashin jirgi ya goge idon da tsumma. Bai taɓa kai masa wuƙa ba. Kafin faɗuwar damina zai wanke shi ya bar shi ya bushe, ya shafa fentin a hankali, ya zauna yana gadinsa kada wani ya taɓa. Masuntan bakin dam sun shaida, ba su taɓa ganin ranar zuwansa ta zagayo bai zo ba.

To bana ne abin takaicin ya faru, kuma ba zan rufa wa kowa asiri ba, sunan ofishin kawai zan bari. Aka ce manyan baƙi za su zo duba kayan aiki. Kowa ya san al'adarmu in babba zai zo. Famfon da ya shekara ba ruwa ba za a gyara shi ba, amma za a yi masa fenti. Aka shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, aka shafe gindin bishiyoyi, har tsohuwar tayar da ke jingine da katanga sai da ta samu rabonta. Aka janyo jirgi daga dam ana tsakar damina, aka kafe shi a tsakiyar haraba, aka kira masu fenti.

Jami'in da ke kula da kayan aiki, Murtala, matashi ne da bai daɗe da zuwa ba, bai kuma taɓa jiƙa ƙafar wandonsa a dam ba. Ya zagaya jirgin ya hango idon nan baƙi ƙirin a jikin farin ƙarfe, ya yamutsa fuska.

"Baba Isyaku, wannan baƙin tabon zai ɓata mana hoto."

"Yallaɓai, a fente ko'ina, amma a bar mini nan. In fentin mai ya hau shi, jirgin ya daina gani."

Murtala ya ce ya ji. Ranar Juma'a ce, Malam Isyaku ya tafi masallaci. Kafin ya dawo an lafta wa idon farin fentin mai har hannu biyu, yana ta ƙyalli. Ya nemi a bar shi ya cire tun bai gama bushewa ba, aka ce sai baƙi sun tafi. Baƙi suka ɗaga zuwansu da mako guda, fenti ya bushe ya kama ram. Garin neman gira aka rasa ido, kuma babu wanda abin ya dama.

Ranar da baƙin suka zo, aka jera ma'aikata a rana. Babban cikinsu ya shafa jikin jirgin yana yabawa, sai ya juya ga dattijon da ke tsaye a gefe ya tambaye shi ko akwai matsala. Kowa ya san amsar da ake bayarwa a irin wannan wuri. Malam Isyaku ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin ya yi kyau, amma ba ya gani." Murtala ya yi caraf ya ce a yi haƙuri, tsoho ne, ya kusa ritaya. Aka yi dariya, aka ɗauki hoto, aka wuce wurin cin abinci. Washegari aka miƙa wa Malam Isyaku takardar tuhuma, aka raba shi da jirgi, aka mayar da shi gadin ƙofa. Jirgin kuwa aka mayar da shi dam da fentinsa, gansakuka ta samu wurin zama.

Mako bakwai bayan nan, ran wata kasuwa, kwale-kwale ya kife a dam. An yi masa lodin mutane da buhuna har da babur. Aka tsamo kowa, masu rai da waɗanda kwanansu ya ƙare, ban da mutum ɗaya. Ashiru sunansa, ɗan adaidaita sahu ne a unguwar Ƙauyen Alu, ya je ƙauye duba gona. Zakariyya direban jirgin ya kwana uku yana kewaya ruwan nan da masu nutso, allon gabansa ba ya nuna komai sai dishi-dishi. Da ya faɗa wa Murtala, sai shi kuma ya ce ai na'urar ce ta tsufa, za a rubuta a nemi sabuwa. Ya kuma sanar cewa ranar Alhamis da yamma za a dakatar da nema.

Mahaifiyar Ashiru, Inna Talatu, ba ta san hanyar dam ba, ofis ta sani. Kullum da safe za ta tako daga Ƙauyen Alu ta zauna a bakin ƙofa, kuma wanda aka ɗora wa aikin hana ta shiga shi ne Malam Isyaku. Ya ba ta bencinsa, shi ya tsaya. Dangi sun gaya mata in aka wayi garin Juma'a ba a gan shi ba, za a yi masa sallar ga'ib a rufe magana. Ita kuwa ta ƙi yarda. Ran Laraba da la'asar ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ban ce ku dawo mini da shi da rai ba, wannan na bar wa Allah. Ku ba ni shi a yi masa wanka a sa masa likkafani. Ɗana ba kifi ba ne."

Malam Isyaku ya san abin da ya hana a ga ɗanta, ya san wanda ya jawo, ya kuma san gyaran bai fi ƙarfin hannunsa ba. A lokacin wata biyu ya rage masa a aiki, ga takardar tuhuma ɗaya a kansa, ta biyu kuwa tana iya ɓata masa shekara talatin da biyar. Ya shiga ofishin Murtala ya roƙi izinin zuwa dam, aka ce masa ƙofa ce aikinsa.

Ran Alhamis da asuba bai bi ta Tarauni ba, tasha ya nufa. Da ya isa, ya sa Zakariyya da masunta suka ja gindin jirgin kan gaɓa suka tokare shi da itace. Ya kwanta a cikin laka ya leƙa. Idon ya zama kore shar, katantanwa sun yi layi a kai, fentin ya kumbura a ƙarƙashinsu. Wani masunci ya miƙo masa wuƙa ya ƙi, wani ya ce a kawo fetur ya ce a'a. Da soso ya fara, sannan samfefa mai laushi da yake jiƙawa a ruwa, inda ta kasa kuma ya sa farce. Daga hantsi har azahar yana kwance a wurin, yatsunsa biyu suka fashe, bai tashi ba sai da lokacin salla ya yi. Allah ya taimaka fentin bai kai ga cinye robar ba.

Aka tura jirgi ruwa, Zakariyya ya kunna allo, sai ga ƙasan dam ta fito. Ba su yi awa biyu ba suka hango wata tsohuwar bishiya da ruwa ya shanye, da wani abu kwance a gindinta. Mai nutso ya sauka. Babur ɗin ne, igiyar da aka ɗaure shi da ita ta naɗe ƙafar Ashiru, shi ya sa bai taso ba. Wurin nan sun ratsa ta kansa ya fi sau goma a kwana uku.

Kafin magariba aka kai Ashiru makwancinsa.

Sai kuma aka yi abin da aka saba, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Rahoton da aka rubuta ya yaba wa jami'in kula da kayan aiki bisa hanzarin gyara na'ura. Malam Isyaku kuwa ya dawo ya tarar da takardar tuhuma ta biyu, wai ya bar bakin aiki ba izini. Raina ya ɓaci da na ji, kuma har yanzu bai huce ba. Kwana uku wata uwa ta yi a bakin ƙofa saboda wani yana son hoto ya yi kyau, kuma har yau babu wanda ya taka ya ce mata a yi haƙuri. Ba rashin kayan aiki ne ya yi mana wannan ba, kayan yana nan, mai iya shi ma yana nan, shi aka tura gadi.

Malam Isyaku, kai ne ka faɗi gaskiya a gaban babba lokacin da kowa ya sunkuyar da kai. Kai ne ka yi shekara goma sha ɗaya kana kula da abin da babu mai duba ka a kansa. Namijin duniya, mai aiki ko ba a gani. Na ji cewa da takardun nan biyu a aljihunka ka koma dam ran Asabar, ka shafa wa idon fentinsa na gaskiya, ka kama hannun Zakariyya ka nuna masa yadda ake jan burushi, don kada a rasa mai yi bayanka. Ofis ba zai yi maka walima ba, mun sani. Mu dai mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma da kuke riƙe da wani ɗan aiki a lungun da ba a leƙawa, mai duba birkin mota, da mai wanke tankin ruwa, da mai ɗaure wayar wuta, ku yi koyi da dattijon nan. Ran wani yana rataye da abin da kuka raina. Manyan ofis kuwa, in tsohon ma'aikaci ya ce kada a taɓa wuri, ku tambaye shi dalili kafin ku kira mai fenti.

Inna Talatu ba ta sake zuwa Tarauni ba. Bayan sadakar uku ta aiko ƙaninta har Gyadi-Gyadi, ya yi ta tambaya sai da aka nuna masa gidan Malam Isyaku. Ya tsuguna a zaure ya ce saƙo ne daga yayarsa, kuma ta ce kada ya ƙara ko ya rage.

"Ta ce a gaya maka ɗanta ya fita ta ƙofar gidanta a kan makara kamar kowane ɗan Musulmi. Ta ce jiya ta yi barci."