Dorinar Alhaji Abdussalam

Alhaji Abdussalam ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana sayar da fenti a kasuwar Garwa, bai taɓa buɗe gwangwani ɗaya da hannunsa ba. Kakansa Nasrullahi ne ya zo daga Kano da fataucin atamfa, ya kafa gida a unguwar Jambutu. Ubansa ya juya sana'ar zuwa kayan gini, ƙusa da kwano da siminti da fenti. Da uban ya rasu, babban wansu Alhaji Dawuda ya riƙe makulli da bakin magana, shi kuwa Abdussalam aka ba shi kujerar roba a ƙofar shago. Aikinsa ya amsa gaisuwa da Fulatanci, ya yi ciniki da Hausa, in wani ma'aikacin gwamnati ya shigo da Faransanci ya nuna masa wansa. Ba wanda ya taɓa ganin ya yi faɗa, ba kuma wanda ya taɓa jin ya faɗi maganar da aka tuna washegari. Matarsa Sadiƙa takan ce da za a ɗauke shi daga kujerar nan a ajiye buhun siminti, sai azahar za a lura, don buhu ba ya tashi salla.

Yana gab da shekara hamsin abin ya same shi. Wani ɗan kwangila ya sa an kawo fenti mai yawa, ruwan hoda da shunayya da kore shar, sannan ya fasa aikin ya ɓace. Gwangwanayen suka daɗe a bayan shago har suka fara tsatsa, Dawuda ya ce a kwashe a zubar. Abdussalam ya ga ɓarna ce, ya sa aka tura masa su gida a baro, da niyyar ya shafe katangar waje. Da safe ya ɓalle murfi da bakin cokali, ya tsoma buroshi, ya ja layi. Layin ya ƙi miƙewa, ya lanƙwashe kamar tudu. Ya ja da baya ya duba, sai ya ga bayan dorina, irin wadda yake hangowa daga kan gadar Binuwai. Ya ƙara mata kai, ya ƙara ƙafafu. Ranar bai je kasuwa ba, kuma ba wanda ya aiko tambaya.

Matsalar ita ce ruwan hoda ya fi yawa a cikin kayan, don haka dorinar ta fito ruwan hoda. Ƙafafunta gajeru, hancinta ya ɗaga sama, kunnuwan sun yi tsini.

Sadiƙa ta leƙo da la'asar, ta tsaya da ludayi a hannu ta daɗe tana kallo.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Dorina ce."

"To Allah ya sa maƙwabta su san haka."

Ba su sani ba. A tsallaken layin akwai wata tsohuwar darbejiya, a ƙarƙashinta dattawan unguwa suke majalisa tun kafin a ja wuta zuwa Jambutu. Mutane ne masu ra'ayi a kan komai, daga farashin auduga zuwa yadda ya kamata a tsara 'yan ƙwallon ƙasa, ko da yake a cikinsu ba wanda ya taɓa ɗinke ko maɓallin rigarsa. Kafin magariba sun gama shari'a: jikan Alhaji Nasrullahi ya zana alade a bangon gidansa, yana fuskantar hanyar masallaci.

Dawuda ya zo a fusace, bai ko zauna ba.

"Abdu, kai yaro ne? Furfura a gemunka, ka tsaya kana wasa da kala kamar ɗan makarantar raino?"

"Yaya, dorina ce."

"Ko raƙumi ce. Zanen abu mai rai a gidanmu? Bari in kira Malam."

Goni Umaru, limamin masallacin unguwar, tsoho ne mai taka-tsantsan, ba ya yanke hukunci sai ya gani. Ya zo da sandarsa, 'yan majalisa suka biyo shi a baya. Ya sa tabarau, ya duba daga nesa, ya matso kusa, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Sannan ya yi gyaran murya.

"Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne kwaikwayon halittar Ubangiji," in ji shi. "Ni kuwa na duba, ban ga wata halitta da wannan ya yi kama da ita ba. Ba alade ba ne, ba dorina ba ce. Babu laifi a kansa. Ku bar bawan Allah."

Aka fashe da dariya, Dawuda ya tafi yana girgiza kai. Abdussalam ya yi godiya kamar yadda ya kamata, ya raka Malam har bakin layi, ya dawo ya shiga ɗaki ya ƙi cin tuwo. Sadiƙa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Da an ce haramun ya yi, da ya goge bangon da sanyin zuciya.

Bayan wani lokaci wani baƙo ya tsayar da babur a ƙofar gidan. Gaston sunansa, yana da wurin gashin nama a unguwar Yelwa. Ya cire hular kwano, ya tsaya gaban bangon ya riƙe ƙugu.

"Magnifique! Alaji, kai ka yi wannan? Kai artiste ne, gwanin zane!"

Tun da aka haifi Abdussalam ba wanda ya taɓa yaba masa a kan abin da hannunsa ya yi. Ya shimfiɗa wa baƙon tabarma, ya sa aka kawo shayi da ƙosai, ya zauna yana ba shi labarin yadda launi yake sauyawa in rana ta karkata. Gaston yana gyaɗa kai. Da ya shanye kofi na biyu ya faɗi abin da ya kawo shi: yana son irin wannan aladen sak a ƙofar wurinsa, amma a ƙara masa murmushi, don masu ci su ji daɗi.

Abdussalam ya ajiye kofinsa. Ya ce ba zai iya ba, ya ba da haƙuri. Amma da Gaston ya hau babur, sai ya biyo shi ya riƙe kan babur ɗin.

"Kafin ka tafi, wane waje ne ya fi burge ka?"

"Idon," in ji Gaston. "Idon nan yana kallon mutum."

Washegari Abdussalam ya tashi da wuri ya gangara bakin kogi, ya zauna kusa da masunta don ya ga dorina da kyau. Ya yi ta zuwa har rana ta ƙona masa wuya. Abin da ya gano shi ne dorina ba ta damu da masu zane ba: kunnuwa biyu da hanci take nunawa, sauran tana ƙarƙashin ruwa. Ya dawo ya shafe rabin bangon da shunayya a matsayin kogi, ya bar kunnuwa da ido. 'Yan majalisa suka ce alade ya nitse.

Daga nan bai tsaya ba. Ya zana jirgin masunta, ya zana motar auduga da ta yi lodi har ta karkata, ya zana matan garin Bibemi ɗauke da albasa, waɗanda Sadiƙa ta rantse tulunan ruwa ne masu ƙafafu. Da fentin banza ya ƙare, ya koma shagonsu ya saya kamar kowa, Dawuda bai rage masa ko sisi ba. Hannunsa ya ɗan faɗa, kaɗan dai. Motar auduga ta biyu kowa ya gane mota ce. Amma mutumin ya sauya. Ya fara tsayawa a tsakiyar hanya yana kallon inuwar bango, ya fara gardama a kan ko ruwan Binuwai kore ne ko ƙasa-ƙasa, ya fara zuwa ɗaurin aure da ɗigon fenti a farce. Sadiƙa tana ƙorafi ga ƙawayenta cewa da ta auri mutum marar magana, yanzu ga shi ba ya barin ta ta ji rediyo. Duk da haka ita ce take tara masa gwangwanayen madara na haɗa kala.

Bara aka zo faɗaɗa titin layin, aka sare darbejiyar. 'Yan majalisa suka yi kwanaki suna yawo da bencinsu a zafin Garwa, ba inuwa. Inuwar da ta rage a layin da rana ita ce ta katangar Abdussalam, don ya ƙara mata tsawo saboda ya sami wurin zane. Can suka tare, suka juya wa zanen baya don kada a ce suna kallo. Dawuda ma, da 'ya'yansa suka karɓe shago suka sallame shi da girmamawa, can yake wuni.

Kwanan baya na wuce ta wurin da hantsi. Abdussalam yana kan tsani yana zana wani abu mai fukafukai, 'yan majalisa suna ƙasa suna musu ko shamuwa ce ko jirgin sama.

"Yaya, ɗan miƙo min koren nan," in ji shi daga sama.

Dawuda ya yi tsaki, ya ce shi ba yaron kowa ba ne. Sannan ya tattare hannun babbar rigarsa, ya ɗaga gwangwanin, ya ce wuyan ya yi tsawo da yawa, in da shi ne da ya rage.