Furen Hajiya da Ya Koma Ruwan Hoda

Shekara huɗu na yi ina aikin lambu a gidan wani manajan kamfanin auduga a Funtuwa, ko lemon tsami ɗaya ban taɓa tsinka ban tambaya ba. Amma da sunan ɓarawo na bar gidan, kuma a kan fure.

Matar gidan, Hajiya, ita ta zo da shi daga Jos a gwangwanin madara, ta ce sunansa haidiranjiya. Ɗan ƙasar sanyi ne, da rana ta taɓa shi sai ganyen ya langaɓe. Na dasa shi a rabin durom a gindin mangwaro, na kare shi da zana. Garwa biyu da safe, biyu da yamma, har a bazara da rijiya ke neman ƙafewa. A shekara ta biyu ya yi fure shuɗi, dunƙule-dunƙule kamar curin fura. Duk baƙuwar da ta zo sai Hajiya ta kai ta gindinsa. Ba ta taɓa cewa ga wanda ya sha wahalarsa ba, ban kuma damu ba.

Ana nan sai gara ta fara hawan durom ɗin. Na yi abin da muke yi a garinmu, Ƙarfi: na kwaso toka daga murhu na zuba masa, na riƙa ƙarawa. Gara ta gudu. Da damina ta zagayo, furen ya fito ruwan hoda.

Ina cikin shara Hajiya ta kira ni.

"Ina furena?"

"Ga shi nan, Hajiya."

"Makauniya ka ɗauke ni? Nawa shuɗi ne. Wa ka sayar wa, ka dasa mini wannan?"

Na rantse. Na nuna mata reshen da ya karye bara na ɗaure da igiyar rama, igiyar na nan. Ko kallo ba ta yi ba. Ta sa kuku da direba suka shiga ɗakina na bayan gida, suka ɗaga katifa, suka kife kwanukan matata a ƙasa, matar tawa tana tsaye da goyo tana kuka. Fure suke nema a ƙarƙashin katifa? Maigidan kuwa yana baranda da jarida. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka san halina." Sai ya juya shafi. Kafin la'asar muna tasha da kayanmu.

Bayan mako biyu na haɗu da wani malamin gona a kasuwar Malumfashi, na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce ai haka furen yake, launinsa ƙasa yake bi, toka ce ta kashe tsamin ƙasar. Ban yi dariya ba. Na roƙe shi ya rubuta mini a takarda, washegari na hau mota zuwa Funtuwa. Ba aikin nake so ba, sunana nake so a wanke.

Hajiya ta fito bakin ƙofa, ta karanta takardar har ƙarshe, ta miƙo mini.

"To ka gani? Ashe ma kai ka lalata shi."

Ta juya ta shige. Na daɗe tsaye da takardar a hannu, har maigadi ya dafa ni ya ce in yi haƙuri in tafi.

Na koma Ƙarfi na kama noman dawa da auduga. Amma maganar ta riga ni isa. Surukina, mutumin da nake jin kunyarsa, ya ja ni gefe bayan an tashi daga majami'a, ya ce in na ɗauki abin mutane in mayar, Allah mai gafara ne. Na tsufa yanzu, abubuwa da yawa sun wuce mini, amma wannan maganar in na tuna ta, tuwo ba ya shiga bakina.